'Yan Matan Salem: Ciwo Ne Ko Ƙarya Ce?

Tambaya: Ni malamar adabi ce a makarantar 'yan mata ta kwana. Ɗalibaina na babban aji sun karanta wasan The Crucible na Arthur Miller, suna kuma son su nuna shi a ƙarshen zango. Gardama ta kaure a tsakaninsu. Wasu sun ce 'yan matan da ke faɗuwa suna ihu a wasan masu taɓin hankali ne, wasu sun ce maƙaryata ne kawai da ke bin Abigail saboda tsoro. Wanne ne daidai? Kuma yaya zan shirya wasan ba tare da na jawo wa yara wata matsala ba?

Amsa: Malama, ajinki ya rabu biyu ne domin an yi wa yaran cikin wasan kuɗin goro. Abin da ke damun Betty daban, na Abigail daban, na Mary Warren kuma daban. Idan kika sa ɗalibai suka ware su ɗaya bayan ɗaya, za su ga kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, kuma za su gano abin da ya fi ciwon da ƙaryar muhimmanci, wato abin da manya suka yi da kukan yaran.

Ki fara raba musu tarihi da wasa. An fara nuna The Crucible a New York ran 22 ga Janairu, 1953, lokacin da ake farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci a Amurka, ana matsa wa mutum ya tsira ta hanyar ambatar sunayen abokansa. Shi kansa Miller an kira shi gaban kwamitin majalisa a 1956, ya ƙi ambatar sunan kowa. Labarin ya ɗauko shi daga ƙauyen Salem na yankin Massachusetts a 1692. A farkon wannan shekara Betty Parris, 'yar limamin cocin ƙauyen mai shekara 9, da 'yar uwarta Abigail Williams mai shekara 11 suka fara ihu, jikinsu na murɗewa, suna cewa ana tsunkulinsu ana cizonsu. Likita ya duba bai ga komai ba, ya ce da hannun shaiɗan a ciki. Kafin watan Satumba ya ƙare an rataye mutum 19 bisa zargin maita, mata 14 da maza 5, an danne tsoho Giles Corey da duwatsu har ya mutu, wasu aƙalla biyar sun mutu a kurkuku. Miller ya ɗaga shekarun Abigail zuwa 17, ya rage na John Proctor, manomin da ke tsakiyar labarin, daga kusan 60 zuwa talatin da 'yan kai, ya ƙirƙiri soyayya a tsakaninsu. Rawar da 'yan matan suka yi a daji, wadda rikicin wasan ya taso daga gare ta, ita ma ƙarinsa ce. Don haka duk abin da za a faɗa kan halin Abigail, a faɗe shi a kan ta cikin wasa, kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara 11 da ta rayu da gaske.

Betty ita ce mafi sauƙin fahimta. Labule na buɗewa tana kwance kamar gawa, ba ta motsi ba ta amsawa, tun daren da mahaifinta ya yi musu dirar mikiya a daji. Yarinya ce 'yar shekara 10 a wasan, uwarta ta rasu, ubanta mutum ne mai tsanani da kujerarsa ta fi komai damunsa, kuma ta san an kama ta da laifin da ake yi wa bulala, wataƙila ma fiye da bulala. Ba ta da inda za ta gudu, ba ta da wanda za ta faɗa wa, sai jiki ya ɗauke wuta. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan yanayi sarai: tsoro ko damuwa su fi ƙarfin mutum, sai su fito a jiki a matsayin suma, ɗaukewar magana, shanyewar ƙafa ko jijjiga, alhali gwaji bai nuna wata illa a ƙwaƙwalwa ko jijiya ba. Mai irin wannan ba da gangan yake yi ba, kuma abin da yake ji yana jinsa da gaske. Ki nuna wa ɗalibai abu biyu a rubutun. Na farko, da Betty ta farka uwarta ta fara kira, ta nufi taga za ta tashi sama ta je wurinta. Na biyu, da tsohuwa Rebecca Nurse ta tsaya a kanta shiru, ba tsawa ba tambaya, sai yarinya ta lafa. Rebecca ta haifi 'ya'ya 11, tana da jikoki 26, ta kuma ce a ƙyale yara za su dawo da kansu idan aka daina bin su da gudu. A duk wasan ita kaɗai ta ba da shawarar da likita zai bayar a yau, kuma tana cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin rataya.

Abigail kuwa tana yin ƙarya, wasan bai ɓoye ba. Ta gaya wa Proctor a keɓe cewa rawa kawai suka yi, Betty tsorata ta yi. Ta soka wa kanta allura a ciki don a kama matarsa Elizabeth. Daga ƙarshe ta fasa akwatin kawunta, wato mahaifin Betty, ta kwashe fam 31 ta gudu. Mai yin haka yana lissafi, ya san sakamakon abin da yake yi, don haka kiranta mahaukaciya zalunci ne ga masu taɓin hankali na gaskiya, waɗanda yawancinsu ba sa cutar da kowa. Amma kada ajin ya tsaya a nan. Abigail da bakinta ta ce ta ga an fasa kawunan iyayenta a kan matashin da ke kusa da nata. Marainiya ce a gidan kawu, ta yi aikatau a gidan Proctor, maigidan da ya ninka ta a shekaru ya neme ta, matar gida ta kore ta wata bakwai da suka wuce, sunanta ya fara ɓaci a gari. Miller ya tsara wasan yadda tausayin mai kallo zai karkata ga Proctor, amma ke da kike koyar da 'yan mata kina da haƙƙin ki faɗa a fili cewa babba mai iko a gida shi ke da babban kaso na laifin abin da ya faru tsakaninsa da 'yar aikinsa. Yaron da ya ga tashin hankali da idonsa, aka kuma ci amanarsa, yakan koyi cewa tsira tana hannun wanda ya fi tsoratarwa. Wannan yana bayyana yadda Abigail ta zama haka, ko da yake bai wanke ta ba.

Ki lura da yadda ta ɗaure sauran a kashi na ɗaya, domin tsarin matsin ƙawaye kaf yana cikin wannan gajeren zama. Manya na fita, sai ta shirya labari ɗaya da kowa za ta faɗa. Ta mari Betty a gaban sauran, don su ga abin da ke jiran mai buɗe baki. Ta yi musu barazanar zuwa musu cikin dare. Tana kuma da mataimakiya, Mercy Lewis, mai yi wa Mary ba'a da yi mata kallon 'yar rahoto. Labari ɗaya, misali ɗaya na hukunci, barazana, da 'yar amshi: duk ɗalibar da ta kwana a hostel ta san waɗannan huɗun, ko da ba ta taɓa jera su ba.

Mary Warren ce ya kamata ki ba mafi yawan lokacin darasi, don a kanta ciwo da matsi suka haɗu har ba a iya raba su. 'Yar aiki ce a gidan Proctor, mai shekara 17 zuwa 18, marar gata, marar ƙawa ta kusa. A daji kallo kawai ta yi. Ita ce ta fara cewa a faɗi gaskiya, bulalar rawa ta fi igiyar maita sauƙi. Kwana takwas bayan haka sai ga ta ta zama ma'aikaciyar kotu, tana zama cin abinci da alƙalai, tana gaya wa maigidanta ba zai ƙara aika ta kwanciya kamar yarinya ba. Wadda ba a taɓa sauraronta ba ta wayi gari gari guda yana jiran abin da za ta ce. Wannan lada ne, kuma ya fi barazanar Abigail ƙarfi.

To, ki sa a karanta da kyau yadda take bayyana abin da ta ji a kotu lokacin da aka kawo wata tsohuwa. Ta ce ta shiga da niyyar ba za ta zarge ta ba. Sai sanyi ya fara hawa bayanta, fatar kanta ta tashi, wani abu ya shaƙe mata wuya ta kasa numfashi, sai ta ji murya na ihu, ashe tata ce. Wannan bayanin bugun firgici ne daki-daki. Mutum na tsorata sai numfashinsa ya yi sauri, ya fitar da iskar kabon da ke jininsa fiye da kima, hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, jiri ya kama shi, leɓe da yatsu su yi yarr, hannu ya ƙage, ƙirji ya yi nauyi. Yarinyar da ba ta san wannan ba, aka kuma gaya mata cewa mayya na shaƙe mutane daga nesa, da wace fassara za ta fita? Jikinta ya ba ta hujja, jama'a sun ba ta suna.

A kashi na uku Proctor ya kawo ta ta warware shaidarta. Alƙali ya ce tunda ta ce kwaikwayo ne, to ta suma yanzu a gani. Ta yi ƙoƙari ta kasa. Kotu ta ɗauki hakan a matsayin shaidar cewa a da iskoki ne suka kayar da ita, ɗalibai da yawa kuma sukan rikice a nan. Amsar tana bakin Mary: ta ji sauran na ihu, ta ga alƙali ya gaskata su, abin ya fara kamar wasa, daga baya duniya duka ta ɗauka, har ta zaci ta gani alhali ba ta gani ba. Sumar tana buƙatar taro, da ihu, da yardar manya. A cire waɗannan, ba ta zuwa. Maƙaryacin da ya ƙware zai iya faɗuwa duk lokacin da aka ce ya faɗi, kasawar Mary ita ke nuna cewa abin da ya same ta a baya ya wuce kwaikwayo tsantsa.

Daga nan sai karayarta. Abigail ta ce ta ga tsuntsu rawaya a kan azara, kurwar Mary ce za ta yage mata fuska. Sauran suka ɗaga kai suna kallo tare. Mary ta yi magana, suka maimaita. Ta roƙe su, suka maimaita roƙon. Ta buga ƙafa, suka buga. Babu wanda ya taɓa jikinta, amma duk abin da ta faɗa sai ya dawo mata ba'a, kuma alƙali na gaya mata za a rataye ta idan ba ta amsa ba. Sai ta juya ta nuna Proctor, ta ruga ta faɗa jikin Abigail tana kuka, Abigail ta rungume ta. Rungumar nan ita ce ƙarshen dabarar, a kori mutum har ya rasa kowa, sannan a buɗe masa ƙofa ɗaya. Mary ta tarihi ma ta yi haka: ta ce sauran 'yan matan yaudara suke yi, aka juya aka zarge ta da maita, ta koma cikin masu zargi.

Bincike ya tabbatar da wannan hoton. A 1951 Solomon Asch ya zaunar da mutum cikin ƙaramin rukuni da aka shirya da su a ɓoye, ana nuna musu layuka a kati ana tambayar wanne ya yi daidai da wanne. Amsa a bayyane take, amma idan duk rukunin suka faɗi ta kuskure, kusan uku cikin huɗu na waɗanda ake gwadawa sukan bi su aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi amfani ga darasinki shi ne idan mutum ɗaya tak a rukunin ya faɗi gaskiya, bin kuskuren yakan faɗi warwas. Mary ba ta samu ko mutum ɗaya cikin tsararrakinta ba. A 2005 kuma Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, inda za ka zaɓi tsayawa ko wucewa a fitila rawaya. Matasa 'yan 13 zuwa 16 sun ƙara kasada sosai idan abokai na kallo, manya kuwa ɗan canji kaɗan aka gani. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa mai taka birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali ɓangaren da ke jin daɗin yabon tsara ya riga ya farka tun balaga.

Faɗuwar yara rukuni-rukuni kuwa abu ne da aka sani a kowace nahiya, mu kira shi ciwon taro. Likita Simon Wessely ya raba shi gida biyu a 1987. Akwai mai zuwa kwatsam bayan wani wari ko jita-jita, da jiri da suma da ciwon kai, ya wuce cikin awoyi ko kwana ɗaya. Akwai kuma mai tsirowa a hankali inda aka daɗe cikin takura, da murɗewar jiki da rawa da surutai, ya ɗauki makonni ko watanni. Na Salem irin na biyu ne. A makarantar 'yan mata ta kwana da ke Kashasha a ƙasar Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, 'yan mata uku sun fara dariya da kuka marasa tsayawa ran 30 ga Janairu, 1962. Abin ya kama 95 cikin ɗalibai 159, bai taɓa malami ko ɗaya ba, aka rufe makarantar a watan Maris, yaran suka tafi da shi garuruwansu. Kano ma ta ga irinsa a makarantun 'yan mata a ƙarshen 1995, abin da aka yi wa laƙabi da Sumbuka. Alamominsa kusan ɗaya ne ko'ina: yana bin ido da kunne, daga ƙawa zuwa ƙawa, yakan fara daga manyan ɗalibai ya gangaro, yana lafawa idan aka raba yara, yana tashi idan aka sake tara su.

Wata ɗaliba mai bincike a intanet za ta kawo miki batun gubar hatsi, cewa wani naman gwari da ke kama hatsin da suke burodi da shi ne ya haukata su. An kawo wannan ra'ayi a 1976, aka kuma rushe shi a shekarar. Guba ba ta zaɓar 'yan mata ta bar sauran masu ci a kwano ɗaya, ba ta kuma jiran wanda ake zargi ya shigo kotu kafin ta tashi.

Abin da ya mayar da kukan yara ya zama igiya shi ne hukuncin manya. Kotun Salem ta karɓi abin da za mu kira shaidar kurwa: yarinya ta ce ta ga kurwar wance na shaƙe ta, ba mai gani sai ita, a rubuta a matsayin hujja. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mara lafiya ya kira sunan wata tsohuwa cikin zafin zazzaɓi, a ce ta kama kurwarsa, a jawo ta ta tsallake shi, wani lokaci a lakaɗa mata duka. Ki duba su wa aka fara kamawa a Salem: Tituba baiwa, Sarah Good mabaraciya, Sarah Osborne mara lafiya da ta daɗe ba ta zuwa coci. A wasan, an tsorata Tituba da bulala da rataya, aka riƙa cusa mata sunaye cikin tambaya, tana amsawa aka fara yi mata magana mai laushi ana cewa Allah ya zaɓe ta. Abigail na tsaye tana kallo. A nan take ta gane cewa ambatar suna na mayar da mai laifi abin tausayi, ta miƙe ta fara jero sunaye, Betty ta tashi daga gado ta kama mata. Da gwamna William Phips ya rushe kotun a Oktoban 1692, sabuwar kotu ta daina dogara da shaidar kurwa, sai shari'o'in suka riƙa ƙarewa da sallama. A 1706 Ann Putnam, wadda take da shekara 12 lokacin zargin, ta tsaya a coci aka karanta takardar neman gafararta. Ita ce Miller ya kira Ruth.

A aji, ki ba kowace ɗaliba yarinya ɗaya ta bi ta daga farko zuwa ƙarshe, a kowace fitowa ta amsa tambaya uku: me take tsoro a nan, me za ta samu idan ta yi ihu, wa ke kallonta? Sai kuma ki sa su sake rubuta kashi na uku da sauyi ɗaya kacal, Susanna, ɗaya daga cikin 'yan matan da ke bin Abigail, ta ce ita ba ta ga tsuntsu ba. Za su yi muhawara mai zafi kan ko hakan zai ceci Mary, kuma a cikin muhawarar za ki ji abubuwan da ke faruwa a ɗakunan kwanansu.

Batun nuna wasan yana buƙatar taka-tsantsan na gaske, domin za ki sa 'yan mata matasa, a makarantar kwana, su kwaikwayi ciwon da ke yaɗuwa ta kallo. Kada ki ba wadda aji ke shakka matsayin Abigail, kada kuma ki ba wadda aka saba warewa matsayin Mary, in ba haka ba rihazal zai zama lasisin cin zali. Ki tambayi kowace a keɓe ko tana da farfaɗiya, asma, ko ta taɓa suma, ko an yi mata rasuwa kwanan nan. Mai irin wannan a ba ta Elizabeth ko Rebecca ko aikin bayan labule, ba tare da an yi shela ba. Fitowar tsuntsu ki tsara ta da ƙirge kamar rawa: a ɗaya a ɗaga kai, a huɗu a ja baya, a takwas a durƙusa. Kada ki ce su ji abin a ransu. Ki hana haki da gangan, domin minti ɗaya ko biyu na numfashi mai sauri ya isa ya kawo jiri na gaske ga mai cikakkiyar lafiya. Ihun ya fito a kan numfashi ɗaya mai tsawo. A yi rihazal ɗin wannan fitowa da rana, bayan an ci abinci, a wuri mai iska, kada ya wuce minti 15, kada kuma ya faɗo makon jarrabawa. A sa kalma ɗaya da duk wadda ta faɗe ta za a tsaya nan take ba tambaya. Idan an gama, a cire kayan wasa, kowa ta faɗi sunanta na gaskiya, a sha ruwa, a ɗan yi hira kafin a watse. Ki hana maimaita fitowar a hostel da dare, ki hana ɗaukarta a waya. Ranar nunawa, ki yi wa masu kallo bayani na minti biyu kafin a fara, 'yan ƙananan aji kuma su zauna kusa da malamansu.

Idan duk da haka wata ta faɗi, a wasa ko a wani lokaci daban, ga abin yi. A kwantar da ita ta gefe, a sassauta mata hijabi da abin wuya, a kawar da abin da zai ji mata ciwo. Kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko mai, kada a danne ta. Mutum ɗaya ya duba agogo. Malama ɗaya ta fitar da sauran ɗalibai daga inda za su gani ko su ji, wannan shi ne matakin da ya fi komai hana yaɗuwa, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Jijjigar da ta wuce minti biyar, ko zazzaɓi, ko sandarewar wuya, ko amai da ciwon kai mai tsanani, ko rauni a ka, ko rashin dawowa hayyaci, duk asibiti ne kai tsaye, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da faɗuwar sukari suna iya kama da wannan kuma suna kisa. A duba ko an kunna janareta ko gawayi kusa da ɗaki, ko an fesa maganin sauro mai ƙarfi, a kuma tambaya a keɓe ko ta sha wata ƙwaya, don taramol na kawo jijjiga. Farfaɗiya yawanci ido a buɗe yake, takan ƙare cikin minti ɗaya zuwa biyu, a ciji gefen harshe, a farka cikin ruɗu da barci mai nauyi. Faɗuwar damuwa takan zo da ido a rufe gam, ta daɗe, tana lafawa tana tashi. Waɗannan alamu ne da za ki gaya wa likita, yanke hukunci nasa ne, kuma mutum ɗaya na iya samun duka biyun.

Idan sun kai biyu ko uku, a raba su ɗaki-ɗaki, a rubuta sunan kowace da ajinta da lokacin da ta faɗi da wadda ta gani kafin nan. Wadda ta fara faɗuwa a fi bincika ta, don sau da yawa ita ce mai ciwo na jiki ko wata babbar damuwa da ta ɓoye. Mai haki a zauna kusa da ita a yi numfashi tare, a ja a ƙirga huɗu, a sake a ƙirga shida. Kada a ce musu maƙaryata, kada a yi bulala, hakan na ƙara tsananta abin. Kada kuma wani ya tambaye su wa suka gani ko wa ya kama su. Iyayen da ke son a yi wa 'yarsu addu'a haƙƙinsu ne, a yi ta cikin natsuwa, ita kaɗai da wani nata, ba duka, ba hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba tilasta ambatar suna, kuma bayan likita ya duba. Mutum ɗaya ya riƙa yi wa iyaye bayani don kada jita-jita ta riga gaskiya isa gida. Da zarar gwaji ya nuna ba cuta mai haɗari, a gaya wa yaran a sarari cewa abin da suka ji gaskiya ne, ba ya kisa, yana kuma wucewa, a mayar da su darasi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sannan a nemo abin da ya takura su: jarrabawa, yunwa, cunkoso, horon siniyoyi, tsoron hari, ko wani babba da ke taɓa su.

Akwai waɗanda bayani da hutu ba za su ishe su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, don haka a aji mai ɗalibai 40 ki sa ran akwai biyar ko shida, kuma yawanci ba masu ihu ba ne. Ki sa ido kan wadda ta yi mako biyu ko fiye ba walwala, ta rage ci, barci ya ƙaurace mata, makinta ya zube, ta janye daga ƙawaye, ko tana jin muryoyi ita kaɗai ba a cikin taro ba, ko kika ga yanka a hannunta, ko tana cewa gara ta mutu. Irin wannan ki kira ta gefe ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin, takan ma sauƙaƙa mata. Idan ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya da reza daga inda take, a sanar da wanda ta amince da shi cikin iyayenta, a kai ta sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, a ranar, ba sai an yi hutu ba.